Fiyanon Bayan Katanga

Katangar da ta raba gidanmu da gidan hayar da ke bayanmu a Gummi ta jar ƙasa ce, kowace damina sai ruwa ya ɗan rage mata tsawo. A gindinta, ta ɓangarenmu, akwai wani tsagaggen turmi da Inna ta daina daka a ciki ta kife shi. A kan wannan turmi nake tsayawa da dare a shekarar 2011, ina ɗan shekara 11, ina leƙen gidan maƙwabta. Bayan sallar isha'i, idan gari ya yi tsit, wani sauti yakan tsallako katangar a hankali, kamar mai shi yana tsoron kada ya tashi wani daga barci.

Kafin lokacin, abin da kalmar fiyano take nufi a wurina shi ne kiɗan waƙoƙin finafinan Kano da ake sakawa a shagunan cajin waya. Kiɗan da muka gada kuwa na kotso ne da taushi da kalangu. Kakana yana da jakar kaset cike da Narambaɗa da Sa'idu Faru da Ɗanƙwairo, idan 'yan dambe suka zo gari kuma kalangu ne ke kiran mutane fage. Abin da nake ji daga bayan katanga bai yi kama da ko ɗaya a cikinsu ba. Babu ganga a ƙarƙashinsa, babu 'yan amshi, sai muryoyi uku ko huɗu da ke tafiya tare, su rabu, su sake haɗuwa, duk daga hannun mutum ɗaya.

Mai kiɗan malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, mutumin ƙasar Zuru, Kirista. Duk unguwa Malam ake kiransa. Hausarsa ba ta da gyara, kuma shi ne mai yi wa ƙaramar majami'arsu kiɗa ranar Lahadi, saboda haka yake bita da dare. Wata rana ya ɗaga kai ya ga ƙeyata tana ƙoƙarin nutsewa bayan katanga, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan maƙwabci, sauko ka zagayo ta ƙofa, kada ka ƙarasa wa Inna turminta."

Na zagaya. Ɗakinsa shi ne na ƙurya, wanda kwanon rufinsa ya fi na sauran tsatsa. Fiyanon ƙarami ne mai amfani da batir, ya ɗora shi a kan teburin da yake duba takardun ɗalibai. Ya nuna mini fararen haƙoransa da baƙaƙe, yadda baƙaƙen suke jere bibbiyu da uku-uku. Ya ce nasa yana da haƙora 61, babban fiyano na katako kuwa 88, kuma a cikinsa akwai ƙananan guduma da ke dukan tsarkiyoyin ƙarfe. Ya sa na ƙirga farare takwas, na danna na farko da na takwas, na ji sauti ɗaya ne ya dawo da siririyar murya. Ya ce, "Ka gani? Wannan ma lissafi ne."

Na yi kusan wata uku ina zuwa. Darasi ɗaya ne ya zauna mini. Ya buɗe Littafin Waƙoƙi na majami'arsu, ya kaɗa wata waƙa, ya tsaya a tsakiya yana girgiza kai. Ya ce mini, "Ka ce kuka, irin na yaro." Na faɗa, ya danna haƙori ɗaya sau biyu. Ya ce, "To, ka ce kuka, ta miya." Na faɗa, ya danna na sama sannan ya sauko na ƙasa. Na ji fiyano ya furta kalmomin biyu daban-daban, kamar yadda kalangu ke kiran sunan ɗan dambe. Ya ce yawancin waƙoƙin littafin Turawa ne suka zo da karinsu, aka ɗora musu kalmominmu daga baya, shi ya sa wani lokaci baki yana cewa wuya ta wahala, kiɗa yana cewa wuya na jiki. Ya ƙara da cewa akwai wani Bayarabe da aka haifa a Jos wanda ya ba da rayuwarsa ga gyara wannan matsala a harshensu. Ya faɗi sunansa, ni kuwa hankalina yana kan haƙoran fiyano, sunan ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

Shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen watan Afrilu ya bar ɗaci a garuruwan Arewa da dama, har inda ba a ƙona komai ba maganganu sun canza. Yaran unguwarmu suka gano inda nake zuwa, suka laƙaba mini suna ɗan coci. A makarantar allo wani ya matsa daga kusa da ni. Na yi kwana biyu ba na iya cin tuwo. Ranar da suka shirya jifan gidan Malam, babbansu ya ce idan ni ba ɗan coci ba ne in nuna. Su ba su san ɗakinsa ba a cikin ɗakuna biyar na gidan. Ni na sani. Na nuna musu kwano mai tsatsa, kuma dutse na farko daga hannuna ya fita.

Ƙarar dutse a kan kwano da dare ba ƙaramin abu ba ce. Kiɗan ya tsaya a tsakiyar waƙa. Muka watse a guje.

Babana ba mai son kiɗa ba ne. Kaset ɗin da yake saurara na tafsirin Shehu Abubakar Mahmud Gumi ne, ɗan garinmu, wanda ya yi shekaru yana tafsiri a masallacin Sultan Bello na Kaduna. Na ɗauka idan labari ya kai gare shi, zuwana ɗakin Malam ne zai zama laifina. Da ya kira ni zaure, ya bar ni a durƙushe har ƙafafuna suka yi tsami, sannan ya ce, "Kiɗa dai ban so kana saurare ba, wannan tsakanina da kai ne. Amma mutumin da ya buɗe maka ƙofa tai, ka ɗauki dutse ka jefe shi? Wa ya koya maka hakanga? Ba ka san haƙƙin maƙwabci ba?" Ya ja hannuna har ƙofar gidan, ya yi sallama, ya ba Malam haƙuri. Malam ya ce, "Haba Alhaji, ai yara ne." Ni kaina yana ƙasa, bakina ya ƙi buɗuwa. Baba ya nemi gafara a madadina, ni ban nema ba. Daga ranar ban sake jin fiyano ya tsallako katanga ba. Da shekarar karatu ta ƙare, Malam ya ɗora kayansa a motar da ke bi ta Daki Takwas, ya tafi.

Shekara tara bayan haka, ina ɗalibin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, malaminmu na ilimin furuci ya shiga darasin karin sauti. Ya rubuta kuka sau biyu a allo, ya sa wa kowace alamarta. Ɗalibai suna rubutu, ni kuwa na koma ɗakin ƙurya. Da dare na shiga intanet ina neman mawallafin kiɗa da aka haifa a Jos. Sunan da ya fito shi ne Ayo Bankole, kuma da ganinsa na tuna shi ne Malam ya ambata.

An haifi Ayo Bankole a Jos ranar 17 ga Mayu, 1935, a zamanin da haƙar kuza ke jawo mutane daga ko'ina cikin Nijeriya zuwa garin. Mahaifinsa shi ne mai kaɗa ogan kuma shugaban mawaƙa a majami'ar St. Luke ta Angilika da ke can, mahaifiyarsa ma malamar kiɗa ce. Yana ƙarami aka kai shi Legas wurin kakansa, wanda shi ma makaɗin ogan ne, ya fara ɗora masa yatsu a kan fiyano. Ya shiga rukunin yara mawaƙa na babbar majami'ar Angilika ta Legas a ƙarƙashin T. K. E. Phillips, mutumin da ya daɗe yana jan hankali kan cewa waƙar ibada a harshen Yarabanci ya kamata ta mutunta hawa da saukar kalma. Bayan sakandare ya kama aikin akawu a gidan rediyon Nijeriya, inda ya haɗu da Fela Sowande, babban makaɗin ogan na ƙasar a lokacin, wanda ya ci gaba da koyar da shi.

A 1957 ya sami tallafin karatu na gwamnati ya tafi makarantar kiɗa ta Guildhall a Landan, daga nan ya wuce kwalejin Clare ta Jami'ar Kambirij. Ya sami takardar ƙwarewa mafi girma da Ingila ke ba makaɗan ogan, wadda Sowande ya riga shi samu. Sannan ya je Jami'ar Kalifoniya a Los Anjelis ta Amurka ya nazarci kaɗe-kaɗen al'ummu. Mutum mai irin waɗannan takardu yana iya zama a Turai ya ci abincinsa cikin rufin asiri. Shi dai ya dawo gida a 1966, shekarar juyin mulki biyu, ya koma gidan rediyo a matsayin babban mai shirya shirye-shiryen kiɗa, a 1969 kuma ya zama malami a Jami'ar Legas. Ya kafa rukunonin mawaƙa, ya horar da ɗalibai da yara, ya rubuta waƙoƙin ibada da na duniya a Yarabanci.

Matsalar da ya tunkara ta fi tamu tsanani. Hausa tana da karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, Yarabanci kuwa yana da matakai uku, sama da tsakiya da ƙasa, kuma kalmomi masu yawa kari kaɗai ke bambanta su. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya ɗaga sauti, ya sassauta ya saukar da shi, don haka gangarsa tana bin murya duk inda ta karkata. Fiyano, wanda aka ƙirƙira a Italiya wajen shekarar 1700, ba ya lanƙwasuwa haka. Kowane haƙori sautinsa ɗaya, an ɗaure shi. Abin da Bankole ya yi a waƙoƙinsa shi ne ya bar kalma ta shiga gaba: inda harshe ya hau kiɗa ya hau, inda ya sauka kiɗa ya sauka, sauran muryoyin da ya koyo a Turai kuma su yi wa wannan layi rakiya. A kiɗan fiyano zalla, irin su Ya Orule da jerin da ake kira Nigerian Suite, ya ɗauko salon bugun ganga da kira da amshi ya raba wa hannu biyu. Tsaransa Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, shi ya yaɗa wannan tunani na mayar da fiyano ya yi magana irin ta gangunan Afirka.

Na nemi kiɗansa na saurara. Rebeca Omordia, makaɗiyar fiyano wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne mahaifiyarta 'yar Romaniya, ta fitar da faifai mai suna Ekele a 2018, a ciki akwai doguwar wallafarsa ta fiyano ta biyu, wadda ya gina a kan labarin shan wuyar Almasihu kamar yadda Kiristoci suka yi imani da shi. Kashi uku ne. Na farko a kan masu neman kashe shi, na biyu a kan gicciye, na uku waƙar Maryamu. A nan dole in faɗi gaskiya: ni Musulmi ne, kuma aƙidata game da ƙarshen zaman Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a doron ƙasa ta saɓa wa ta Bankole. Sauraren bai canza wannan ba, ban kuma saurara don ya canza ba. Amma da kashi na uku ya zo, na ji abin da na sani. Na girma a yankin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, yankin da daga baya 'yan bindiga suka mayar da zaman makoki abin yau da kullum. Na sha ganin uwa zaune a tabarma bayan an fita da gawar ɗanta, ta gama kururuwa, ta koma wani ɗan gunji a maƙogwaro. Wannan gunjin na ji a cikin fiyanon, kuma ban nemi mai fassara ba.

Sai na ga ashe aikin Bankole fassara ce, kuma mu mutanen Gummi mun san darajar fassara. A ɗakin babana akwai tarjamar ma'anonin Alƙur'ani da Shehu Gumi ya yi zuwa Hausa, gefunan shafukanta sun yi baƙi saboda yawan buɗawa. Ba ina daidaita mutanen biyu ba ne, hanyarsu daban, kuma na san ra'ayin malaman garinmu a kan kiɗa. Abin da na lura da shi kawai shi ne kowannensu ya je nesa ya yi karatu mai zurfi, ya dawo da damuwa iri ɗaya: kada mutanensa su tsaya gaban Ubangiji suna furta abin da ba su fahimta ba, ko suna furta harshensu a karkace. Malam ma, a ɗakinsa na ƙurya, damuwar da ta sa shi tsayawa a tsakiyar waƙa yana girgiza kai ke nan. Yana son Hausa ta fita daidai a bakin masu ibadarsu. Harshen da na je jami'a na yi shekara huɗu ina nazari, mutumin da na jefa ne ya fara nuna mini yadda yake hawa da sauka.

Ƙarshen Bankole ya fi komai taɓa ni. Nijeriya tana shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi a Legas daga Janairu zuwa Fabrairu na 1977, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Ya rubuta babbar waƙar mawaƙa da makaɗa domin bikin, inda ya haɗa kayan kiɗan Turai da na gida. Bai ga bikin ba. A watan Nuwamba na 1976, yana da shekara 41, aka kashe shi tare da matarsa a Legas, kuma wanda ya aikata ɗan'uwansa ne na jini. Na daɗe ina kallon wannan jimla a fuskar wayata. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban kashe kowa ba, laifina na yaro ne, amma na san yadda abin yake farawa. Baƙo bai san wane ɗaki ba ne. Wanda aka shigar ciki aka ba wuri ya zauna, shi ke nuna kwano mai tsatsa.

Bautar ƙasa ta kai ni Jihar Filato. Wata Asabar na shiga Jos na tambayi inda majami'ar St. Luke take, na tsaya daga tsallaken titi. Jos gari ne da ya sha wuta a 2001 da 2008, unguwanni suka rabu, kowa ya san inda zai taka da inda ba zai taka ba. Daga ciki wani yana bitar kiɗan Lahadi, yana maimaita layi ɗaya, ya yi kuskure, ya koma baya. Ban shiga ba. Na yi tunanin wani yaro da aka haifa a garin nan shekara 80 da wani abu da suka wuce, wanda babu mamaki Hausar kasuwa tana cikin sautukan farko da suka shiga kunnensa. Da la'asar ta yi na nemi masallaci na yi salla, na koma masaukina.

Ɗaliban adabi a Arewa mun san Narambaɗa da Ɗanƙwairo, mun haddace salon Shata, kuma hakan daidai ne. Amma a ajinmu na jami'a, da na ambaci Bankole, babu wanda ya taɓa jin sunansa, alhali a Arewa aka yanke masa cibiya, kuma tambayar da ya yi wa harshensa ita ce muke yi wa namu a darasin karin sauti. Ina ganin mai nazarin waƙar Hausa zai ƙaru idan ya saurari yadda wani ya yi fama da irin matsalarmu a kan kayan kiɗan da ba ya lanƙwasuwa. Zai kuma ƙaru idan ya tuna cewa akwai dubban mutane daga Zuru zuwa Wusasa zuwa Filato da ke rera ibadarsu da Hausa kowace Lahadi, waɗanda harshen nasu ne kamar yadda yake namu.

Ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agusta na 2024 ta kwantar da katangarmu gaba ɗaya. Na kwana uku muna kwashe ƙasa ni da ƙannena, gidanmu da gidan haya sun zama fili ɗaya, ana ganin ƙofar ɗakin ƙurya daga madafin Inna. Wani tela ne a ciki yanzu. Turmin ruwa ya tafi da shi. Da muka tara kuɗi aka sake ginin da bulo, ya fi na da tsawo.

Na sha zuwa tasha ina tambayar direbobin Zuru ko sun san wani malamin lissafi da ya zauna a Gummi, mai kaɗa fiyano. Wani ya ce kamar ya koma Kontagora, wani ya ce ya yi ritaya yana noma. Ban same shi ba tukuna. Na ajiye faifan Bankole a wayata domin ranar da Allah zai haɗa mu. Zan gaishe shi, in tambayi iyali, in gaya masa na gano sunan da ya faɗa mini. Daga nan sai in ce, "Malam, dutsen farko ni na jefa. Ka yafe mini."